Darasi na Tara: Bayan An Naɗe Tabarmin Makoki

Ranar da aka yi rasuwa gida cike yake. Maza suna ƙofar gida, mata suna ciki. Ana cewa "Ya haƙuri?" ana amsa "Da godiya." Maƙwabta suna ta shigo da abinci. A yi sadakar uku, a yi ta bakwai, wasu har arba'in. Daga nan sai kowa ya kama gabansa, a bar mai rashi da ɗakinsa.

Karanta wannan labari a hankali.

Wata mata ce a Gangare, cikin garin Jos. Mijinta mai sayar da dankali ne a kasuwar Farin Gada. Allah ya yi masa rasuwa. Ta yi takaba wata 4 da kwana 10, ta fita, ta koma suyar masarta. Wata rana ana hira ta yi dariya har da tafa hannu, sai kunya ta kama ta. Washegari tana shara ta ga hularsa a bayan ƙofa, ta zauna ta yi kuka kamar yau aka fita da shi. Ta ce da yayarta, "Yaya, anya kaina ɗaya kuwa? Jiya dariya, yau kuka."

Kanta ɗaya. Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddigin wannan abu. A 1942 gobara ta tashi a wani gidan rawa a birnin Boston na Amurka, mutum 492 suka mutu. Wani likita mai suna Erich Lindemann ya zauna da dangin mamatan, ya rubuta abin da ya gani a 1944. Ya ce alhini tasowa yake yi, ya riƙe mutum minti 20 zuwa awa 1, sannan ya lafa. Maƙogwaro ya shaƙe, ajiyar zuciya ta yi yawa, abinci ya fita rai, jiki ya mutu. Ashe rashi ba a zuciya kaɗai yake tsayawa ba, har jiki yana taɓawa.

Wataƙila ka taɓa ji a rediyo an ce baƙin ciki matakai 5 ne: ƙin yarda, fushi, roƙon a ɗaga ƙafa, karayar zuciya, sai sallamawa. Wata likita ce, Elisabeth Kübler-Ross, ta kawo wannan a 1969. Sai dai ita da marasa lafiyar da ke bakin mutuwa ta yi hira, ba da waɗanda aka bari ba. Binciken da ya biyo baya bai nuna kowa yana hawa wannan tsani ɗaya bayan ɗaya ba. Saboda haka kada ka auna kanka da shi.

Bayanin da ya fi kama da matar Gangare daga ƙasar Holan ya fito. A 1999 masana biyu, Margaret Stroebe da Henk Schut, suka ce mai rashi kai da kawowa yake yi tsakanin abu biyu. Wani lokaci yana tare da mamacin: tunani, kuka, addu'a. Wani lokaci yana tare da rayuwa: kuɗin haya, makarantar yara, kasuwa. Ka ga ɗan dako da buhu a ka? Ba ya kai wa gida sai ya sauke ya huta. Dariyar jiya saukewar ce. Ba cin amanar marigayi ba ne.

Akwai kuma wata magana da muke yi a gidan makoki da ya kamata mu bari: "Kin ga wance ko a jikinta." George Bonanno na Jami'ar Columbia ya bi dattawa 205 tun kafin abokan zamansu su rasu har bayan rasuwar. A 2002 ya bayyana cewa kusan rabinsu sun ji zafin rashin amma ba su durƙushe ba, suka ci gaba da harkokinsu. Yawan hawaye ba mudun auna ƙauna ba ne. Shi ma mai kukan kada a ce ba shi da tawakkali. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu.

Amma akwai alhinin da ba ya lafawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin cututtukan da ya fara aiki a 2022. Yana samun kimanin mutum 1 cikin 10 na manyan da aka yi wa rashi. Alamarsa ita ce a wuce wata 6, a wuce abin da al'ada ta sani, amma begen mamaci bai saki mutum ba ko yini guda. Ba kasuwa, ba zumunci, barci ya gagara. Ya fi kama wanda nasa ya yi mutuwar farat ɗaya ko aka kashe shi. Mutanen Jos ba sai an yi musu dogon bayani ba. Tun rikicin 2001 zuwa bom ɗin kasuwar Terminus na Mayun 2014, akwai gidajen da ko gawa ba su gani ba.

Idan ka ga haka ga wani naka, ka raka shi asibiti. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da sashen likitocin ƙwaƙwalwa. Zuwa can ba hauka ba ne, kuma ba ya hana addu'a, ko ta masallaci ko ta coci. In kuwa ya fara cewa gara ya bi mamacin, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi a ranar.

Aikin aji

1. Nemo kalmomi 5 masu harafin ƙ a cikin darasin, ka rubuta su a littafinka.
2. Takaba wata 4 ce da kwana 10. In wata kwana 30 ne, kwana nawa ke nan?
3. Da kai ne yayar matar Gangare, me za ka ce mata? Rubuta jimla 2.

Aikin gida: tuna wani gida a unguwarku da aka yi rasuwa wata 2 ko 3 da suka wuce. Je ka gaishe su a wannan mako. In sun ɗauko zancen marigayi, kada ka katse su da "a yi haƙuri". Zauna ka saurara har su gama.