Yadda za ku gane kamfanin da ya fitar da faifai

'Yan'uwa masu tara tsofaffin faya-fayen garmaho da kaset a unguwannin Nima da Maamobi na Accra, kada sunan da aka buga da manyan baƙaƙe a bango ya ruɗe ku. Sau da yawa sunan mai rarrabawa ne, mai ɗaukar waƙar daban.

Ku duba takardar zagayen da ke manne a tsakiyar faifan. Inda kuka ga harafin P cikin da'ira da shekara a gefensa, to sunan da ya biyo baya shi ne mai haƙƙin sautin. Harafin C kuwa galibi na bango ne da rubutunsa. Sai lambar da kamfani ya ba faifan, ku shigar da ita a Discogs, shafin intanet mai tattara bayanan faya-fayai, zai taimaka muku ku gane ko bugun farko ne ko na baya.

Wannan na da muhimmanci a faya-fayen highlife, wato salon kiɗan Ghana. Mawaƙi E.T. Mensah ya yi aiki da kamfanin Decca a shekarun 1950, kamfanin Essiebons na nan Accra ya fitar da faya-fayen C.K. Mann da Ebo Taylor, amma yanzu kamfanonin Turai irin Analog Africa na sake buga su. Sabon bugu ba laifi ba ne, sai dai kada a sayar muku da shi a farashin na asali. Kaset ɗin da bangonsa hoton kwafi ne mai dishi-dishi kuwa, ku rage kuɗi sosai.