Yadda na gyara fankar furosesa mai hawa da sauka

Fankar da ke sanyaya furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutata ta tebur, ta riƙa tashi da ƙarfi, ta lafa, ta sake tashi, alhali babu wani aiki mai nauyi. Na kakkaɓe ƙurar da ta toshe tsakanin ƙarafan sanyayawa, amma sauƙin kaɗan ne. Tushen matsalar yana cikin saitin fanka na BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta da saita kayan cikinta, domin zafin furosesa yakan yi tsalle na 'yan daƙiƙoƙi, fankar kuwa tana bin kowane tsalle nan take. Tunda filoginta mai ƙafa 4 ne, na mayar da ita kan tsarin PWM, wato tsarin sarrafa gudun fanka ta siginar da ke bi ta ƙafa ta huɗu, na tsayar da gudunta wuri ɗaya har sai zafin furosesa ya kai digiri 60, sannan na ƙara jinkirin sauya gudu, wanda a ganina shi ya fi komai amfani.