Ɗinkin hula da hannu: yadda ake samun natsuwa ba tare da an jawo ciwon wuya ba

Abin da ke kwantar da hankali a ɗinkin hula shi ne maimaici. Allura ta shiga, ta fito, a ja zare, a sake. Ido da yatsu na kan aiki, tunani ya rasa sararin yawo. Sai dai aikin nan kan sankarar da wuya, ya gajiyar da ido, idan ba a iya zamansa ba.

Kayan farawa kaɗan ne: farin yadi wanda mai zane ya riga ya zana, allura biyu, ƙaramin almakashi, da zare kala biyu ko uku. Sabon shiga ya ƙyale zanen Bama ko Zanna Bukar tukuna. Gidajen zanen waɗannan huluna, wato 'yan sassan da ake cikewa da zare, ƙanana ne, a cunkushe, ana iya shafe makonni ba a ga inda aka kai ba, daga nan zuciya ta karaya. A fara da zane mai manyan gidaje. Kafin a soka allura, a jiƙa guntun jan zare a murza shi a farin ƙyalle. In ya bar launi, zai zuba ranar wankin hula, a canza shi tun yanzu.

Kada tsawon zare ya wuce kamu ɗaya, wajen santimita 45. Dogon zare yana harɗewa, yana yin gashi saboda yawan ratsa yadi, ƙyallinsa ya dushe, kuma kowane ja sai an ɗaga kafaɗa. Idan ya murɗe, a saki allurar ta yi lilo, zai warware da kansa.

Jan zare shi ke tona abin da ke ran mai ɗinki. Wanda ke cikin ɓacin rai yakan ja da ƙarfi bai sani ba, yadin ya tattare, hular ta tsuke, kuma guga ba ta gyara wannan. Da an ga yadi ya fara yamutsewa, a ajiye, a sauke kafaɗu, a ja numfashi a hankali sau biyar. Zare ya kwanta a kan yadi kawai, kada ya shaƙe shi.

A jingina baya da bango ko kujera, a ɗora matashi a cinya don aikin ya taso wajen fuska, tazarar santimita 30 zuwa 40 daga ido. Yawancin ciwon wuyan masu ɗinki daga sunkuyo yake. Haske ya zo ta hagu ga mai ɗinki da dama, don kada inuwar hannu ta rufe zanen. Hantsi ko la'asar a inuwa sun fi fitilar waya nesa ba kusa ba. Duk bayan minti 20 a ɗaga kai a dubi abu mai nisan mita 6 na daƙiƙa 20, bayan rabin sa'a kuma a miƙe a ɗan taka, a buɗe yatsu a dunƙule.

Da hunturu yatsu kan yi kaushi su riƙa kama zare. A shafa man kaɗanya da dare. In aka shafa dab da ɗinki, maiƙo zai ɓata farin yadi.

Wanda ya haura shekara 40 ya ga ramin allura na yi masa gizo, tabarau yake bukata, a je a gwada ido. Dattawan da ido ya yi rauni sosai suna iya komawa ɗinki kan yadi mai raga, mai ramuka 10 a inci, da zaren ulu da allura marar tsini lamba 18. Idan babban yatsa da manuniya da na tsakiya suna mutuwa ko tsitstsira cikin dare, mai yiwuwa jijiya ce ta matse a wuyan hannu. A huta, in bai daina ba a ga likita. Allura kuwa kada a riƙe ta a baki, kada a soke ta a katifa ko tabarma, musamman a gidan da yaro ke rarrafe.

Hular da aka karɓi kuɗinta, ga Sallah ta matso, mai ita na ta aike, ba ita ce za ta sanyaya rai ba. A ware wata daban wadda ba mai jiranta, a riƙa yi mata rabin sa'a kullum, in da hali a cikin jama'a, a zaure ko tsakar gida ana hira. Idan kuwa baƙin ciki, rashin barci da ƙin cin abinci sun haura mako biyu, a je asibiti, a tafi da ɗinkin a yi shi a layin jiran likita.