Yadda Ake Daidaita Haske da Taki Don Tsirran Akwatin Kifi Su Yi Lafiya

Idan mai kiwon kifi a akwatin gilashi ya ga ganyen tsirransa sun fara yin rawaya, ko kuma gansakuka ta lulluɓe su, abin da yakan fara faɗo masa a rai shi ne ya ƙara taki ko ya sayo fitilar da ta fi wadda yake da ita ƙarfi. Sau da yawa hakan yakan ƙara dagula lamarin ne, domin haske da taki aikinsu a haɗe yake. Da ƙarfin haske ne tsiro ke haɗa ruwa da iskar kabon dayoksaid ya samar da sukarin da yake gina jikinsa da shi, yana kuma sakin iskar oksijin a yayin aikin. Duk lokacin da aka ƙara haske, an tilasta wa tsiron ne ya yi sauri, kuma tsiron da ke sauri yana buƙatar ƙarin iskar kabon da ƙarin abinci. Idan bai same su ba sai ya tsaya cak, hasken da ya rage kuma ya zama rabon gansakuka, wadda ɗan abin da ta samu ma yana isar ta.

Masana aikin gona sun daɗe da sanin wannan ƙa'ida. Wani Bajamushe mai suna Carl Sprengel ne ya bayyana ta a shekarar 1828, daga baya Justus von Liebig ya yaɗa ta har ta shahara da sunansa. Abin da take cewa shi ne, girman tsiro yana tsayawa ne a kan abin da ya fi yi masa ƙaranci, komai yawan sauran. Kamar bokitin da ya huje a tsakiya ne, duk ruwan da aka zuba masa ba zai wuce wurin hujin ba. Aikin mai kiwo shi ne ya gano abin da ya gaza, kuma ya fi sauƙi ya fara da haske, tunda shi ne abin da ya fi iko da shi.

Tsawon haske da ƙarfinsa

Tsirran akwati suna wadatuwa da hasken awa 6 zuwa 8 a rana. Idan sabon dashe ne, a fara da awa 6, a bar shi haka na tsawon makonni 3 zuwa 4 har tsirran su kama, sannan a riƙa ƙara rabin awa a hankali ana lura da yadda gilashi da ganyaye suke. Barin fitila a kunne awa 12 ko fiye ba ya rama raunin haskenta, gansakuka kawai yake ciyarwa. Yana da kyau ƙwarai a haɗa fitilar da na'urar da ke kunna ta tana kashe ta a lokaci guda kullum, domin tsirrai suna sabawa da tsari, kuma mantuwar mutum ta kwana biyu ko uku tana iya jawo matsalar da za a yi wata guda ana fama da ita. A kuma nisanta akwatin daga tagar da rana ke faɗawa kai tsaye, saboda hasken rana ba ya raguwa idan an so a rage shi, ga shi kuma yana ɗumama ruwan.

Batun ƙarfin haske ya fi rikitarwa. Adadin wat da aka rubuta a jikin fitila yana nuna wutar lantarkin da take sha ne, ba hasken da ke isa ga ganye ba, kuma tun da fitilun LED suka yawaita tsohon lissafin wat kaza ga lita kaza ya daina aiki. Ma'aunin da ya dace shi ne wanda ake kira PAR, wanda ke auna hasken da tsiro zai iya amfani da shi. A ƙiyasin da masu kiwo suka saba da shi, idan aka auna a ƙasan akwati aka sami ƙasa da 30 to haske mai rauni ne, daga 30 zuwa 50 matsakaici ne, abin da ya haura 50 kuwa haske ne mai ƙarfi wanda da wuya ya tafi daidai ba tare da an ƙara iskar kabon ba. Wasu kamfanonin sukan buga waɗannan alƙaluma tare da fitilunsu, kuma ya kamata a duba zurfin da aka yi awon a kai, domin haske yana raguwa sosai kafin ya kai ƙasa, musamman a akwatin da zurfinsa ya wuce santimita 50.

Wanda ba shi da na'urar awo zai iya karanta amsar a jikin tsirran. Idan haske ya yi kaɗan, tsirrai masu kara sukan miƙe su yi tsawo da siranta, tazarar da ke tsakanin ganye da ganye ta buɗe, ganyen ƙasa su zube. Idan ya yi yawa, za a ga ɗigo-ɗigon kore masu tauri a gilashi da kan ganyayen da ke girma a hankali, ko gansakuka mai kama da zare ta sarƙe tsirran. Rage haske ba shi da wuya: a rage shi da maɓallinsa idan fitilar tana da shi, ko a ɗaga ta sama kaɗan, ko a zuba tsirrai masu yawo a saman ruwa irin su kainuwa, waɗanda ke yin inuwa suna kuma shanye rarar abinci. Launin hasken bai kai ƙarfinsa muhimmanci ba. Koren sinadarin da ke cikin ganye ya fi shan ja da shuɗi, amma duk farar fitila mai kimanin kelbin 6500 (kelbin ma'aunin launin haske ne), wadda haskenta ke kama da na tsakar rana, tana ɗauke da su daidai gwargwado.

Iskar kabon

Ba za a yi maganar taki ba sai an tsaya a nan, domin a yawancin akwatuna wannan iska ita ce ke fara gazawa. Tana ratsa ruwa a hankali ƙwarai, kusan sau 10,000 ƙasa da saurin da take yi a sarari, kuma akwatin da ba a ƙara masa ita ba yakan riƙe 'yan miligiram kaɗan ne a kowace lita. Masu sanya ta daga tukunyar gas suna neman miligiram 20 zuwa 30 a lita. Ana buɗe ta awa 1 zuwa 2 kafin fitila ta kama, a rufe ta kimanin awa 1 kafin ta mutu, saboda da dare tsirrai ba sa shan ta, oksijin ma suke ja kamar kifayen. Akwai ɗan gilashin gwaji da ake maƙalawa a cikin akwati, wanda ruwansa ke zama shuɗi idan iskar ta yi kaɗan, kore idan ta yi daidai, rawaya idan ta yi yawa. Da zarar an ga kifaye sun taru a sama suna haki, a rufe ta nan take a motsa saman ruwan.

A ganina, wanda yake farawa ya fi dacewa ya ajiye batun gas gefe, ya riƙe haske mai rauni, ya zaɓi tsirran da ke jure hakan, wato irin su Anubias da Microsorum da Cryptocoryne da Vallisneria. Girmansu ba zai yi sauri ba, amma kuskure ma ba zai yi saurin yin ɓarna ba. Ruwan kwalbar da ake sayarwa da sunan kabon na ruwa kuwa, yawancinsa sinadarin gulutaraldihaid ne, wanda amfaninsa wajen kashe gansakuka ya fi amfaninsa wajen ciyar da tsiro, kuma yana iya narkar da Vallisneria.

Taki da hanyoyin ba da shi

Tsiro yana buƙatar sinadarai uku da yawa, su ne naitirojin da fosfaras da fotasiyam, sai kalsiyam da magniziyam waɗanda ruwan famfo kan zo da su. Akwai kuma waɗanda yake buƙata kaɗan-kaɗan amma ba ya rayuwa sai da su, kamar sinadarin ƙarfe da manganis da zink da boron. Abincin kifi da kashinsu suna samar da naitirojin da fosfaras, har ma a akwati mai kifi da yawa da tsirrai kaɗan sukan wadatar, amma fotasiyam da sinadarin ƙarfe sukan gaza. Kada a taɓa zuba takin zamani na gona ko na lambu a akwati, domin yawancinsa yana ɗauke da yuriya ko amoniya, kuma amoniya guba ce ga kifi ko da kaɗan ce.

Takin akwati iri biyu ne. Akwai na ruwa da ake ɗigawa, wanda ya dace da tsirran da ke shan abinci ta ganye, wato masu kara da masu yawo a sama da waɗanda ake ɗaurawa a kan dutse ko itace. Akwai kuma na ƙwaya da ake cusawa a cikin tsakuwa kusa da saiwa, wanda Echinodorus da Cryptocoryne da Vallisneria suka fi amfana da shi, musamman idan yashi ne ko tsakuwa zalla aka shimfiɗa. A cusa ƙwayar da zurfi don kada ta narke a ruwa, a sabunta ta bayan wata 2 zuwa 3 ko yadda mai yin ta ya rubuta. Anubias da Microsorum suna da wani kara mai kauri da ke kwance, wanda ganye da saiwoyi ke fitowa daga jikinsa. Idan aka binne shi ruɓewa yake yi, kuma babu takin da zai cece shi.

Ga wanda ke da kayan gwajin ruwa, adadin da aka saba nema a kowace lita shi ne naitiret (mai ɗauke da naitirojin) miligiram 10 zuwa 20, fosfet (mai ɗauke da fosfaras) 0.5 zuwa 2, fotasiyam 10 zuwa 20, sinadarin ƙarfe 0.1 zuwa 0.5. A akwati mai raunin haske, a fara da rabin abin da aka rubuta a jikin kwalba, a raba shi sau biyu ko uku a mako maimakon a juye shi gaba ɗaya. A akwati mai haske mai ƙarfi da gas, mutane da yawa suna bin tsarin da wani masanin tsirran akwatin kifi mai suna Tom Barr ya shahara da shi, inda ake ba da taki fiye da buƙata da gangan don kada wani abu ya gaza, sannan a canza rabin ruwan kowane mako don kada ya taru. Tsarin yana aiki, amma wanda ya ɗauki yawan takin ya bar canjin ruwan ya jawo wa kifayensa wahala.

Sinadarin ƙarfe yana da wata matsala ta musamman. Ba ya daɗewa a narke, shi ya sa ake haɗa shi da wani sinadari mai riƙe shi. Nau'in EDTA yana sakin sa idan ma'aunin pH na ruwan, wanda ke hawa duk lokacin da tsamin ruwa ya ragu, ya haura 7, nau'in DTPA ya fi shi juriya, EDDHA kuma ya fi su duka. Mai ruwan da pH ɗinsa ya yi sama zai iya daɗewa yana zuba taki ganyen na ci gaba da koɗewa, alhali nau'in takin ne bai dace da ruwansa ba.

Abin da ganye ke nunawa

Kafin a duba launin ganye, a duba wane ganye ne ya lalace, tsoho ko sabo. Tsiro yana iya kwashe naitirojin da fosfaras da fotasiyam da magniziyam daga tsofaffin ganyaye ya kai wa sabon toho, saboda haka ƙarancinsu a tsofaffin yake fara bayyana. Sinadarin ƙarfe da kalsiyam kuwa ba sa motsawa daga inda suka zauna, don haka sabon toho ne ke nuna rashinsu. Tsohon ganyen da ya yi rawaya gaba ɗaya yana nuni da ƙarancin naitirojin. Idan ƙananan huji ne suka fito masa masu rawayan gefe, fotasiyam ake zargi. Idan ya koɗe amma jijiyoyinsa suka tsaya kore, magniziyam ne, kuma an fi ganin haka a ruwan da aka tace har ya rasa ma'adinansa. Sabon ganyen da ya fito fari-fari ko rawaya yana neman sinadarin ƙarfe, wanda ya fito a murɗe ko a takure kuma yana iya zama rashin kalsiyam, ko da yake ƙarancin iskar kabon ma yana kawo irin wannan. Baƙar gansakuka mai kama da gemu da ke kama gefen ganye an fi danganta ta da iskar kabon da ke hawa tana sauka, da kuma dattin da ya taru. Launin ƙasa-ƙasa da ke rufe gilashin sabon akwati kuwa yakan tafi da kansa bayan 'yan makonni.

Sabon tsiron da ya zubar da ganye a makonnin farko ba lallai ne yunwa ke damunsa ba. Yawancin tsirran da ake sayarwa an rene su ne da ganyensu a sarari, idan suka shiga ruwa sai sun zubar da tsofaffin sun fitar da waɗanda suka dace da rayuwar cikin ruwa, kuma Cryptocoryne ya yi suna wajen narkewa ƙurmus sannan ya sake tohowa daga saiwa. Kada a tuge shi, kada kuma a yi ta matsar da shi daga wuri zuwa wuri.

Duk gyaran da za a yi, a yi shi ɗaya bayan ɗaya, a jira makonni 2 zuwa 3 kafin a taɓa wani abu, a kuma rubuta ranar da adadin, domin wanda ya canza fitila da taki da gas a rana guda ba zai san wanne ya yi aiki ba. Ganyen da ya riga ya huje ko ya ruɓe ba ya warkewa, sai a yanke shi daga tushe da almakashi mai tsabta, a riƙa duba sababbin da ke fitowa. A canza kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na ruwan kowane mako da ruwan da aka cire wa kulorin, a zuba takin bayan canjin, a kuma tabbata na'urar tace ruwa tana motsa shi har ganyayen da ke lungunan akwatin suna ɗan kaɗawa, tunda takin da bai isa ga ganye ba babu amfanin da zai yi masa.