Yadda ɗalibai za su tsara gwagwarmaya kan kuɗin makaranta da matsalolin harabar jami'a

Duk ranar da aka liƙa sanarwar ƙarin kuɗin makaranta, ko aka kwana uku famfunan ɗakunan kwana ba su ɗiga ba, kalmar da ke fara fitowa daga bakin ɗalibai ita ce zanga-zanga. Fushin yana da hujja, kuma babu mai imanin da zai raina shi. Sai dai fita titi makami ne na ƙarshe, wanda ba ya cin komai idan ba a wasa shi da sani da haɗin kai ba.

Aikin farko shi ne sanin inda kuɗi yake fitowa da wanda ke da ikon sa hannu. Jami'ar gwamnati tana dogara ne da kason da gwamnati ke ware mata, da kuɗin da ɗalibai ke biya, da abin da take samu ta hanyar bincike da gudummawa. Idan kason gwamnati ya ragu, ko hauhawar farashi ta cinye shi, giɓin yakan faɗo a kan ɗalibai da iyayensu. Don haka a kafa ƙaramin kwamiti na mutum uku ko huɗu, a sa ɗalibin akanta a ciki, su nemi rahoton kuɗi na shekara-shekara daga ofishin ma'aji, su kwatanta na shekaru biyar da juna. Daga nan ne za a gane ko maganar tana hannun majalisar gudanarwar jami'a, ko tana ma'aikatar ilimi, ko kuwa tana gaban 'yan majalisar da ke amincewa da kasafi. Ɗaliban Afirka ta Kudu sun gane wannan a watan Oktoba na 2015. Rikicin ya faro ne a Jami'ar Witwatersrand da ke Johannesburg kan ƙarin kashi 10.5 cikin ɗari, amma ba su tsaya a ƙofar shugaban jami'a ba, suka kai kukansu majalisar dokoki da fadar gwamnati, kuma a ranar 23 ga watan Shugaba Jacob Zuma ya sanar cewa babu ƙari a 2016.

Matsalolin haraba ma hujja suke bukata. Cewa "muna shan wahala" magana ce da kowane jami'i zai gyaɗa wa kai ya wuce. Amma a ɗauki littafin rubutu guda a rataye shi a ƙofar kowane gini, a ja layi a rubuta kwanan wata, da awar da wuta ta ɗauke, da awar da ta dawo, da yawan masu kwana a ɗakin da aka gina domin mutum huɗu. Bayan mako uku littafin zai yi datti, gefensa ya nannaɗe, amma zai fi doguwar huɗuba nauyi a kan teburin taro. Idan za a tattara labaran waɗanda suka kasa yin rajista saboda rashin kuɗi, a nemi izininsu, a kuma sakaya sunayensu, domin talauci ba abin tallatawa ba ne.

Daga nan sai neman amincewar jama'a, kuma a nan ne ƙungiyoyi da yawa suke tuntuɓe. Shugabanni biyar da suka yanke shawara a ɗaki ɗaya suna da sauƙin tsoratarwa, suna da sauƙin saye, kuma hukuma za ta iya cewa bakinsu kawai suke ari. A kira babban taro a kowace tsangaya, a karanta bukatun a fili, a bar mai adawa ya faɗi ra'ayinsa har ƙarshe, sannan a kaɗa ƙuri'a a rubuta adadin. Haka ɗaliban lardin Kwibek na Kanada suka yi a 2012, lokacin da gwamnatin Jean Charest ta shirya ƙarin kashi 75 cikin ɗari a tsawon shekaru biyar. Kowace ƙungiya ta zaɓi ƙaurace wa darussa a nata taron, kuma ana komawa taron lokaci-lokaci domin a sabunta shawarar, shi ya sa yajin da ya fara a Fabrairu ya ɗauki watanni, har sabuwar gwamnatin Pauline Marois ta soke ƙarin a Satumba. A ganina wannan sabuntawar ta fi komai muhimmanci, domin ɗalibin ajin ƙarshe da ke fargabar rasa zangon karatu yana da haƙƙin a sake tambayarsa, kuma wanda aka tambaya ya fi jurewa.

Bukatun su kasance kaɗan, kowace da abin da ake so a yi da ranar da ake so a kammala. A rubuta su cikin ladabi, a kai ofishin magatakarda kwafi biyu, a tsaya har a buga hatimin karɓa a kan ɗaya a dawo da shi. Ranar zama da hukuma kada wakili ya je shi kaɗai, a tafi da mai ɗaukar bayanin taro, kuma kada a amince da komai nan take sai an koma ga waɗanda suka aiko.

A nemi abokan tafiya tun da wuri: ƙungiyoyin malamai da ma'aikata, iyaye, tsofaffin ɗalibai, lauya da 'yan jarida. Idan wasiƙa ba ta yi aiki ba sai a bi mataki-mataki, daga takardar koke mai sa hannun dubbai, zuwa taron manema labarai, kafin a kai ga tattakin lumana. Ranar tattaki a naɗa masu kula da sahu da alama a hannunsu, a fayyace hanyar da za a bi da lokacin watsewa, a kuma san abin da dokar ƙasa da ta jami'a suka ce game da taro. A Landan, a watan Nuwamba na 2010, dubban ɗalibai sun yi tattaki kan ninka kuɗin makaranta kusan sau uku, amma hoton gilasan da aka farfasa a hedikwatar jam'iyya mai mulki shi ya mamaye jaridu, kuma a ranar 9 ga Disamba majalisa ta amince da ƙarin. Ba ɓarnar kaɗai ta jawo haka ba, amma ta bai wa masu son kauce wa maganar kuɗi wata maganar da za su yi.

Abu mafi wuya shi ne bibiya. Hukuma ta san ɗalibi baƙo ne na shekaru huɗu, kuma alƙawarin baka yakan bi shugabannin da aka yi wa shi ranar yaye su. Ɗaliban Chile sun cika tituna a 2011, amma karatu kyauta ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi bai fara ba sai a 2016, bayan yawancin waɗanda suka yi tattakin sun bar makaranta. Saboda haka duk yarjejeniya a sa ta a rubuce da sa hannun ɓangarorin biyu, a liƙa kwafinta inda kowa zai gani, a kuma sa ranar da za a zauna a duba abin da aka cika. Wasiƙu masu hatimi, da bayanan taro, da littafin nan na ƙofar gini, a haɗa su a fayil ɗaya tare da kwafi a kwamfuta, a miƙa wa sababbin shugabanni a gaban babban taro, a kuma jawo ɗaliban ajin farko cikin kwamitin kuɗi tun daga zangonsu na biyu.