Yadda na tsayar da aman kyanwarmu

Kyanwar da ke tsaron rumbunmu ta yi ta amai bayan kowane ci, ta rame, ciki kuwa ya kumbura. An fara zargin gubar ɓera, amma ita ta ci gaba da farautarta. An daina ba ta nono, bai canza komai ba.

Abin ya fito fili da na tona aman da tsinke: tsutsa ce fara, doguwa kamar taliya. Daga ɓerayen da take ci kyanwar take ɗaukar ta.

Ran Juma'a a kasuwar Wudil malamin dabbobi ya ba ni maganin tsutsa fenbendazole na ruwa, mai miligiram 100 a kowane mililita (mil). Ƙa'idar miligiram 50 ce ga kowane kilo. Na sa kyanwar a buhu na rataya a sikeli, kilo 3, wato mil 1.5 kullum, kwana 3 a jere. Da sirinji marar allura ake bayarwa, ta gefen baki, a hankali kada ta shaƙe. Bayan mako 3 a maimaita, don ƙananan tsutsotsi ba sa mutuwa a zagayen farko.

Abinci kuwa, dafaffen kifi ba ƙaya, ba gishiri, ba albasa, cokali ɗaya duk awa huɗu, ruwa a gefe. Alhamdulillahi amai ya tsaya, Allah ya saka wa malamin.

Kada a ba kyanwa farasitamol, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. In akwai jini a aman, ko ta ƙi shan ruwa, a kai ta asibitin dabbobi a ranar.