Yadda ake shirya wasan alƙalami a zaman marubuta

Duk wanda ya saba zuwa taron marubuta na ƙarshen wata ya san yadda yakan kaya. Mutum biyu ko uku su karanta aikinsu, manya su shiga gyaran ƙa'idar rubutu, a yi ta kai-kawo kan raba kalma da haɗe ta, shi kuwa sabon zuwa ya lallaɓa ya ninke takardarsa ya mayar aljihu. Gyara na da ranarsa, ban raina shi ba. Amma ƙungiya tana buƙatar wata rana daban, wadda kowa zai riƙe biro a lokaci guda, babba da yaro, ba wanda ya zo da shiri. Ba baƙon abu ba ne a ce wa marubuci "ga jigo, rubuta": ai ƙagaggun labaran Hausa na boko da gasa suka soma a 1933, lokacin da Rupert East na Hukumar Fassara a Zariya ya nemi malamai su rubuto labari.

Da farko, shiri. Mutum shida zuwa goma sun isa. In sun wuce haka, a raba su gida biyu, don karatu kaɗai zai cinye yammacin. A tanadi fallayen takarda, biro, da hula ko faifai na zuba ƙuri'a. A zaɓi jagora mai riƙe agogo. Sharaɗi biyu ne kawai: kowane zagaye minti bakwai ne, kuma yau ba a gyara wa kowa. Waya a kife ta.

Na biyu, a buɗe da kacici-kacici. Jagora ya jefo tsofaffi guda biyu don baki ya saki: "Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya", a ce tsintsiya, "Baba na ɗaka gemu na waje", a ce wuta da hayaƙi. Sai kowa ya laluba aljihu ko jaka, ya ƙirƙiri sabo a kan abin da ya taɓo. Na taɓa jin wanda aka yi wa cajar waya: "Ina tsotson bango in shayar da uwar ɗakina." Wanda ya kasa cinka sai ya ba da gari, kamar yadda muka saba tun muna yara. Kada a daɗe a nan.

Na uku, kowa ya yi wa kansa kirari. Wannan ne zagayen da na fi so, kuma shi ya fi buƙatar kulawar jagora. Bahaushe yana da kunya da kara, ba ya son zama ya ce "ni kaza ne". Ka ce masa ya rubuta shafi guda a kan halinsa, zai ba ka wa'azi ko tarihin makarantun da ya yi. Amma kirari ƙofa ce da al'ada ta bari a buɗe. Ɗan dambe yana yi, mafarauci yana yi, 'yan tauri suna yi, har gari ma yana da nasa: Kano ta Dabo tumbin giwa, Katsina ɗakin kara. Ba mai ganin girman kai a ciki.

Sharaɗin shi ne layi shida: uku na bugun ƙirji, uku kuma a kan rauninka, amma da murya ɗaya, ba tare da sassautowa ba. A nan abin yake. Faɗin ƙarfinka da kirari abu ne mai sauƙi, amma ka ɗaga murya ka yi wa tsoronka kirari, sai ka tsaya ka dube shi tukuna. Wata baiwar Allah a zamanmu, wadda ta shekara tana zuwa ba ta taɓa karanta komai ba, ta miƙe ta ce: "Ni ce tukunyar ƙasa mai jinkirin tafasa, in na yi zafi kuwa sai a kwana ban huce ba. Ni ce mai littafi bakwai a ƙarƙashin katifa, ko ɗaya bai ga rana ba." Aka yi tsit, sannan wata dattijuwa ta rangaɗa mata guɗa. Daga ranar muka san akwai littattafai bakwai, muka kuma soma tambayar ta labarinsu.

Na huɗu, a taɓa karin magana. Hanya biyu ce. Mai sauƙin ita ce ta "in ji": a tuna da irin su "Ban sa a ka ba, in ji ɓarawon tagiya", sai kowa ya ƙera nasa, da mai magana na zamaninmu, ɗan acaɓa ne, mai cajin waya ne, ko uwar amarya ranar kai lefe. Wannan dariya ce zalla.

Mai nauyin kuwa, a rubuta karin magana a 'yan takardu a zuba a hula, kowa ya zaro ɗaya, ya rubuta labarin ranar da wannan magana ba ta zama gaskiya a rayuwarsa ba. Wanda ya zaro "Mahaƙurci mawadaci" zai tuna haƙurin da ya yi aka taka shi. Wadda ta zaro "Naka sai naka" wataƙila bare ne ya tsaya mata ranar da nata suka juya baya. Ba raina hikimar magabata ake yi ba. Gwada ta ake da abin da ya faru da kai, kuma daga irin wannan gwajin ne labari mai rai yake fitowa. Jagora ya ja kunne: a sakaya sunaye, kada wasa ya koma habaici ga wani da ke zaune.

Na biyar, tatsuniyar zagaye. Bayan wancan nauyi ana son iska. Jagora ya rubuta "Ga ta nan, ga ta nanku", ya sa Gizo a inda ba a saba ganin sa ba, misali a Kantin Kwari yana neman atamfar Ƙoƙi da aljihu wayam. Kowa ya ƙara jimla biyu, ya ninke takardar yadda na gaba zai ga jimlar ƙarshe kaɗai. Na ƙarshe ya rufe da ƙurunƙus. Mafi ƙarancin shekaru shi zai karanta wa jama'a.

Na shida, a bar kayan gida su yi magana. Kowa ya tuna gidan da ya tashi, ya zaɓi abu ɗaya: randa, turmi, butar alwalar mahaifinsa, ko kyauren zaure. Abin ne zai rubuto masa wasiƙa, ya faɗi abin da ya gani a kansa yana yaro. A ba wannan minti goma sha biyar maimakon bakwai. Kuma ba dole a karanta ba. Wanda ya ce "a bar mini nawa", a bar masa, ba tambaya.

Ga wanda ya karanta kuwa, ga yadda ake amsa masa a duk zagayen: kowane mai sauraro ya maimaita jimla ɗaya da ta maƙale masa a rai, shi ke nan. Ba "ya yi kyau", ba "da ka ce kaza". Marubuci yana jin jimlarsa a bakin mutum huɗu, ya gane inda ƙarfinsa yake ba sai an gaya masa ba.

Kafin a tashi a yi abu biyu. A zaɓi jagoran wata mai zuwa, zai fi kyau ya zama wanda bai taɓa yi ba, ya zo da wasa ɗaya na ƙirƙirarsa. Sannan kowa ya ja layi ƙarƙashin abu ɗaya da ya rubuta yau wanda zai faɗaɗa a gida. Mata masu niyyar shiga gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda ake yi tun 2016, su duba abin da suka rubuta a zagayen karin magana, sau da yawa ƙwayar labarin tana nan. Takardar Gizo kuma a ba ma'ajin ƙungiya ya adana, a rubuta kwanan wata a bayanta da sunayen waɗanda suka sa hannu.